A Rubuta Haliru, Ko a Mai da Kofin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka Isa Tela na kasuwar Bodinga zuwa ga ɗana Abba, wanda na ji yanzu Kyaftin ake ce masa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa motar da ta ɗauke ka ta sauke ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane da na bakinka, wanda in ka gado nawa ne to ya fi sauran haɗari.

Wagga takarda za ka iske ta a aljihun sabon wandon da na ɗinka maka. Da ajami na rubuta, don shi na iya. In bokon ya sa ka manta da shi, ka kai wa mai gadin makarantarku ya karanta maka, ka ji kunyar ka huta.

Labarin gida ba sai na ba ka ba, yanzu ka baro shi. Abin da ya sa na aje allura na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi jiya a zaure bayan la'asar, gaban mutane. Ka ce makarantarku za ta kafa allon katako a babban ɗakin taro, a rubuta sunayen waɗanda sunka yi fice a wasanni tun da anka buɗe ta, kuma sunan da ya hau ba ya sauka. Ka ce shugaban makaranta ya nemi kowane kyaftin ya faɗi wanda ya dace a wasansa, kai kuma ƙwallon kwando ke hannunka. Mamman Wanzami ya ce to ai magana ta ƙare, Haliru ya hau allo. Kai kuwa ka gyara zama, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar akawu, ka ce: "Baffa ya iya ƙwallo, amma doka doka ce. Da sunan wani ya shiga makaranta, shekarunsa sun wuce na ɗalibi, kuma ya bugi alƙalin wasa."

Na yi dariya, na ce wa mutane ku ji mini alƙali ba rawani. Ka san ni, ban iya fushi a bainar jama'a ba, bakina ya riga zuciyata fita kullum. Amma tun jiya nake ɗinki ina warwarewa. Na sa wa rigar wani bawan Allah hannu biyu a gefe ɗaya. Saboda haka zauna ka saurara, Kyaftin, don a takarda ba ka da damar katse ni.

Ka ce da sunan wani ya shiga. Haka ne. Amma ka faɗe ta kamar Haliru ya haura katanga ne ya sato sunan ya rataya a wuya. Kana goye lokacin, bari in gaya maka yadda anka yi.

A zamanin Turawa, in anka ce za a zo ɗibar yaran makarantar boko, gari watsewa yake yi. A tura wanga cikin rumbu, a aika wancan rugar kawunsa, wani a shafa masa toka a ce ƙyanda yake yi. Mu muna Tungar Marke a lokacin, can bayan Shagari ta wajen hanyar Mandera. Sai anka aiko wa Maigarinmu cewa shi zai fara ba da ɗan cikinsa, don talakawa su gani su bi. Ɗan nasa Lawali ne, wanga dai Lawalin da ka sani mai motar kwangila. Uwarsa ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Maigari ya fito ya zauna gindin marke ransa a jagule, mutane kewaye da shi ba mai cewa komai. Ni kuma ban iya ganin taro ya yi shiru ba, jikina ƙaiƙayi yake yi. Ga Haliru ya koro awaki zai wuce, yaro ne amma ya fi duk tsaransa tsawo, ƙafafu kamar karan dawa. Sai na ce wa Maigari, ranka ya daɗe ga ɗan sarauta can na tafiya, a dubi wuya, wanga ko a kan rufin ɗaki anka rataye allon zai karanto shi.

Kowa ya yi dariya. Maigari bai yi ba, ya bi yaron da ido har ya sha kwana. Da safe sai ga goro da 'yar riga an kawo wa kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa. Gonar da muke ci a cikinta aron Maigari ce, to da wane baki tsoho zai ce a'a? Anka wanke Haliru, anka sa masa rigar, anka ce daga yau in an kira Lawali kai ne za ka amsa. Yana kuka yana tambayar wa zai kai awaki ruwa.

To ga nasiha ta farko, kuma da tsada na saye ta. In ka yi wasa a cikin taro, kada ka dubi masu dariya, ba su da lahani. Dubi wanda bai yi ba, shi ne ya ɗauki maganarka ya sa a aljihu.

Yanzu ka gaya mini, a cikin wanga labari wane ne ɓarawon suna? Malamin da ya rubuta sunayen yaran ya san Lawali ido da ido, a gidansu ya ci tuwo ranar. Dogarin da ya riƙo hannun yaron ya sani. Baturen kawuna yake ƙirgawa, in sun cika ba ruwansa da na wane ne. Kuma ba Tungar Marke kaɗai ba, ka tambayi malamanku na yanzu, in sun yi maka gaskiya za ka iske a cikinsu akwai mai amsa sunan da ba ranar suna anka raɗa masa ba. Duk manya sunka haɗu sunka ƙulla abu, yau an tashi neman mai laifi an tsallake su duka an kama wanda ke warin awaki. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, tun da anka sami mulkin kai boko ya zama zuma, mutanen da sunka ɓoye ɗiyansu cikin rumbu su ne yau ke gaba wajen faɗin doka. Har takardar midil da Haliru ya ci da idonsa da bulalar da ya sha, tana ɗakin Lawali cikin gilashi, da ita ya fara samun aiki. Wannan ba wanda ya ce doka doka ce.

Ni ma ban bar yaron ya huta ba. In ya zo hutu, tun daga nesa nake zubewa ƙasa ina jinjina, ina ranka ya daɗe ɗan Maigari, a yi mana aikin gafara. Na koya wa yaran unguwa, sunka riƙa binsa da ita har bakin rijiya. Inna kakarka kaɗai ke ce masa Haliru, ita ma sai a cikin ɗaki, don tsoron kada maganar ta kai gidan Maigari. Wata rana muna sassabe ya tsaya ya dogara da fartanya ya ce mini: "Yaya, can ba mai kirana da sunana. Nan ma kai ka hana."

Ka san abin da na yi? Na kai ta kasuwa, na kwaikwayi muryarsa da ta fara buɗewa, anka yi ta dariya. Ban gane ya roƙe ni abu ba ne sai bayan shekaru. Saboda haka kai da ke da ƙanana a ƙarƙashinka yanzu, in ka laƙaba wa yaro suna ya yi dariya sau ɗaya, to ya ishe ka. In ya ce maka ka bari, ko da murmushi ya faɗa, ka bari ranar. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya roƙo sau biyu.

Sai maganar ƙwallo. Kai ba ka ga Baffanka a fili ba, shekarar da ka shiga makarantar ya riga ya bar ta. Ni na gan shi. Farkon zuwana na bi motar albasa zuwa birni, na tarar da samari da gajerun wanduna suna rububin jefa ƙwallo cikin raga da anka rataye a zoben ƙarfe. Na ce wa na kusa da ni wane asararre ne ya sayi kwandon da ba gindi, kome anka zuba ya zube. Ban rufe baki ba ƙwallo ta shiga hannun Haliru. Abba, daga tsakiyar fili ya sake ta, ko duban kirki bai yi ba, ta tafi ta faɗa cikin ragar ba ta taɓa ƙarfen ba. Yaran wancan ɓangare sun rataye a jikinsa kamar kaska a wuyan sa, yana tafiya da su. In ya yi tsalle sai ka ce ya manta da saukowa. Ni da na zo yin ba'a, sai na iske kaina tsaye hulata a hannu.

Kafin shi wa ya san ana wanga wasa a ƙasarmu? 'Yan makaranta kaɗai ke yi, su yi su kalli kansu. A zamaninsa ne masu rumfuna ke rufewa su taho kallo, mahauta su taho da wuƙaƙensu a ƙugu, har makaɗan kokawa sunka fara zuwa da ganguna ba wanda ya gayyace su. Shekara bayan shekara makarantarku ba ta san faɗuwa ba. Filin ya ɗauka da Lawali, Lawali, shi kuwa Lawalin gidan Maigari yana zaune a kujera cikin manyan baƙi yana ɗaga hannu yana amsawa. Da idona na gani, ba labari ba.

Ban ce maka waliyyi ne ba, ƙanena ne, na fi ka sanin halinsa. In ƙwallo ta shiga hannunsa sai ka ce gadonsa ce, ba ya ba kowa. Abokan wasansa gajeru yake ce musu, har wanda ya kai shi kafaɗa. In yaro ya ɓarar da ƙwallo zai bi shi da harara har ɗakin kwana. Akwai waɗanda sunka yi wasa tare da shi da har yau ba sa gaishe shi, kuma ban ga laifinsu ba. Ga zuciya kamar garwashi a cikin toka, ba ka ganin ta sai ka taka. Duk wannan na yarda, in kana so in ƙara maka ma akwai.

To ranar da kake magana a kai, ina wurin. Shekarar mulkin kai ce, wata makaranta daga nesa ta zo, wasan ƙarshe na kofi. An ci su har sun rasa inda za su sa kansu. Sai malaminsu ya je ya yi wa alƙalin wasa raɗa. Alƙali ya busa usur, ya tsai da wasa, ya kira Haliru tsakiyar fili. Ya tambaye shi shekarunsa. Ya shafa haɓarsa ya ji ko akwai gemu. Sa'an nan ya ce ya buɗe baki, ya sa babban yatsa ya ɗaga leɓensa yana duban haƙora, yadda ake yi wa rago a kara. Gaban malamansa, gaban manyan gari, gaban 'yan mata masu tallan gyaɗa. Haliru na tsaye ƙwallo a hannu, bai motsa ba.

Filin ya yi tsit. Ka kuwa san ni da shiru. Kafin in san na buɗe baki sai na ji muryata tana cewa, malam, wanga ya isa layya, a yanka. Wurin ya fashe da dariya, har manyan da ke kan kujeru. Haliru ya juyo, ba alƙalin ya duba ba, ni ya nemo cikin taron ya duba. Sa'an nan ya ɗaga ƙwallon da hannu biyu ya maka wa mutumin a fuska. Tabarau ya tarwatse, hanci ya ɓalle da jini.

Wannan ba asiri ba ne, duk Shagari da Bodinga an san wanda ya ce a yanka, Mamman Wanzami har gobe in zai yi mini aski sai ya tuna mini. Na kawo ta ne don ka san abin da ke gaban bugun da kake ƙirgawa. Kuma ka riƙe wagga: ranar da ka ga ana wulaƙanta naka a gaban jama'a, in ba za ka iya shiga tsakani ba, ka rufe bakinka ka tsaya kusa da shi. Mutum na iya jure dariyar gari duka in bai ji ta ɗan'uwansa a ciki ba.

Anka kore shi ana gab da jarrabawar ƙarshe, ta gaba da midil. Anka ce in ya ba da haƙuri a gaban makaranta za a duba, ya ƙi, ya ɗaure akwatinsa. Ni ne na nemi alƙalin wasan daga baya da goro, na same shi hanci a kumbure. Mutumin kirki ne, malami ne shi ma. Ya ce mini shi bai ɗauka cin fuska ba ne, don shi ma haka anka duba nasa haƙoran ranar da anka kai shi makaranta. Har yau ina gaya wa Baffanka yana da hakkin mutumin nan a wuyansa, ya neme shi tun suna da rai, har yau yana juya mini ƙeya. Wannan laifinsa ne, ba ni wanke shi.

Amma zo mu yi maganar allo. Ka ce shugabanku ya ce allon don misali ne ga na baya, ba a ɗora wanda ya yi duka. Na ji. To kofin nan da ke cikin akwatin gilashi a ofishinsa, wanda ka taɓa gaya mini ku ake sa wa ku goge shi da toka in baƙi za su zo, wa ya ciwo shi a shekarun da sunka gabaci ranar? Aljanu? In Haliru ba ɗalibi ba ne, in shekarunsa sun wuce, in sunansa na ƙarya ne, to duk ƙwallon da ya jefa ba ta shiga ba. Ku naɗe kofin a tsumma ku mai da wa waɗanda anka ci, ku ba su haƙuri. In kun yi haka zan cire hulata in ce makarantar nan ta masu gaskiya ce, kuma ba zan sake tada maganar ba. Amma ku riƙe kofin kuna nuna wa baƙi, ku ce hannun da ya kawo shi ba shi da tsarki? Ko a makarantar allo da na yi, malaminmu bai taɓa koya mana irin wanga hukunci ba, kuma shi ba ya wasa da babin tsarki.

Lokacin da yake ci musu wasa, malaman nan ba su ga tsawonsa ba? Ba su ji muryarsa ba? Sun gani sarai. Sun ƙara masa nama a kwano, sun ɗauke masa sharar fili. Shekarunsa ba su wuce ba sai ranar da ya kunyata su.

Kuma akwai abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi shiru. Kana tsammani in ka ce a bar Baffanka, gurbin zai zauna fanko? Ranar kasuwar Shagari da ta wuce na ji daga bakin telan da ke yi wa Lawali ɗinki. Lawalin ne ya ɗauki nauyin katakon allon da fentinsa. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibai sun ce ai abin mai sauƙi ne, a rubuta sunan da ke kan kofi, Lawali Tungar Marke, ba a ce wanda ya yi duka ba, ba a ce wanda bai yi ba. Har Lawali ya ba da ɗinkin babbar riga mai aska don ranar buɗe allon. Mutumin da in ka jefa masa lemo sai ya kare fuska. Zai zauna a gaba, a yaye ƙyalle, a tafa masa, ya ɗaga hannu yadda ya saba. Yaran da za su shiga makarantar bayan mun mutu su karanta su ce wanga shi ne gwani. Wannan shi ne misalin da za a bar wa na baya? An karɓi yaron, an karɓi takardarsa, an karɓi kirarinsa, yanzu saura wanga ɗan guntun katako, shi ma a miƙa wa Lawali, kuma da shirun ɗan wan Haliru.

Na san abin da ke cin ka, ni na haife ka. Kana tsoron a ce Kyaftin ya tsaya wa baffansa don jini. Kana tsoron shugaban makaranta, don shekararka ta ƙarshe ce kuma bakinsa ake ji in za a tura yaro gaba. Ban raina wanga tsoro ba. Ni ma na zauna na auna shi, don in anka rufe maka hanya saboda wagga magana, ni ne zan fi kowa kwana da ita, ga kuma mahaifiyarka da ba za ta bar ni in sha ruwa ba. Amma ka duba da kyau. Don kada a ce ka yi son kai, sai ka zalunci naka ka ce adalci ne? Da Haliru ɗan Dingyadi ne ba ka san gidansu ba, ka ji labarin nan, mi za ka ce? Abin da za ka ce a kan baƙo, shi nake nema ka ce a kan Baffanka, ban nemi ƙari ba.

Ban ce ka ɓoye komai ba. In an kira ka, ka miƙe tsaye, ka gai da manya yadda ya kamata, ka sa hannunka a baya. Kada ka yi wasa, kada ka nemi a yi dariya, wannan hanyata ce kuma ka ga inda ta kai mu. Ka fara da cewa baffanka ne, kada wani ya riga ka faɗa. Ka ce ya yi duka kuma bai kyauta ba. Ka ce shekarunsa sun wuce. Ka ce sunan da ya amsa ba nasa ba ne, ka faɗi wanda ya sa masa da yadda anka sa masa. Sa'an nan ka tambaye su cikin ladabi wa ya jefa ƙwallayen. In sun ce duk da haka ba za a rubuta shi ba, ka roƙi abu ɗaya, kada a rubuta wani a gurbinsa. In sun ƙi wannan ma, ka zauna, ka sauke naka. Ba a ɗora maka ka rinjaye su ba, abin da ke kanka kada su ce kyaftin ma ya yarda.

Baffanka yana Shagari yana bin magina, shi ke tsaye ƙasa yana jefa musu curin laka suna cafewa a kan katanga. Ranar kasuwarmu da ta wuce ya biyo ta rumfata a yi masa facin riga. Na ba shi labarin allon, don lokacin maganar ta fara yawo. Na zaci zai yi tsaki ya ce su riƙe abinsu, ka san shi. Sai ya tsaya kallon keken ɗinki. Can ya tambaye ni ko ka taɓa cewa an gyara zoben gabas na filin ƙwallo, wai ya ɗan karkace tun zamaninsu, in gaya maka ka riƙa jefawa ta hagunsa kaɗan. Na ce zan gaya maka, ga shi na gaya maka.

Da zai tashi sai ya ɗauki allin da nake zana yadi da shi. Ya ce: "Ka san, Yaya, duk zaman da na yi a makaranta ban taɓa rubuta Haliru ba. Ko sau ɗaya."

Ya duƙa ya rubuta a kan teburina, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya. Ni ban iya boko ba, amma na ga baƙaƙen tsaye reras, dogaye kamar mai su. Ya ja baya ya duba. Sai wani ya leƙo rumfar yana tambayar ɗinkinsa, Haliru ya sa hannun riga ya goge, ya ce mini sai wata kasuwar. A karo na farko a rayuwata wuri ya yi shiru ban ce komai ba.

Abin da ka faɗa a zaure bai kai kunnensa ba tukuna. Na roƙi Mamman Wanzami ya riƙe bakinsa, ka san kuwa wannan roƙo ne babba. Ni ba zan kai masa ba. Duk abin da ka zaɓa ka faɗa a makaranta, naka ne, ba zan tsine maka ba, ba zan rage maka komai ba. Amma in kun sami hutu, kafin ka kwance kayanka a Bodinga, za ka wuce Shagari ka same shi a gindin katangar da yake aiki, ka dube shi ka gaya masa da bakinka abin da ka ce da anka tambaye ka. Ka zaɓi maganar da za ka iya maimaitawa a can.

Mahaifiyarka ta sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a ƙasan akwati, ta ce kada ka raba wa gajeru duka. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka riƙa ba abokan wasanka ƙwallo. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka sa'ar jarrabawa, Ya daidaita harshenka ranar da za ka miƙe, Ya sa manyan su ji da kunnen rahama. Allah Ya dawo mana da kai lafiya, kanka a ɗage. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Isa Tela, yayan Haliru.